NELFUND ya yi, amma ɗan jami'ar kuɗi fa an bar shi tsaye a bakin titi

Jama'a tunda aka buɗe fotal ɗin NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, ranar 24 ga Mayu 2024 nake taya yara cika fom a shagona, ɗan ƙaramin kafe ne a nan Kano muna buga takardu da fotokwafi da su cike-ciken intanet, to kusan kullum sai an samu uba ko uwa ko yayan wani ya tambaye ni wai wannan bashin karatun da gaske ne ko irin abin nan ne da ake ji a rediyo shikenan. Amsata dai ɗaya ce, da gaske ne, kuɗi na shiga, kuma cikin duk abubuwan da gwamnatin tarayya ta fito da su bayan cire tallafin fetur ni ban ga wanda ya shiga gidan talaka kai tsaye kamarsa ba. Amma akwai gurbi babba da aka bari, kuma shi ne ya zaunar da ni rubuta wannan. Ɗalibin jami'a mai zaman kanta, jami'ar kuɗi kenan, ba ya ciki sam. Ba kuɗin makaranta, ba na kashewa, ba ko na mota.

Bari in fara da yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Tinubu ya fara sa hannu a dokar a watan Yuni 2023, amma waccan ta farko gaskiya ba ta talaka ba ce, sai kuɗin da ke shigowa gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu masu tsaya maka, irin su babban ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. To ɗan mai kayan miya a ina zai samo waɗannan? Shi ya sa aka soke ta aka yi sabuwa aka sa mata hannu a Afrilu 2024, aka cire maganar masu tsayawa aka cire maganar kuɗin gida. Wannan gyaran shi ne ya sa abin ya zama abin da yake yanzu, kuma duk wanda ya kawo shawarar Allah ya saka masa.

Cika fom ɗin ba wahala in takardunka sun daidaita. Lambar JAMB, lambar NIN, BVN, lambar rajistarka ta makaranta, takardar admishan, da asusun banki mai sunanka. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne makarantarku ta riga ta tura sunanka da bayananka can wajensu, in ba ta tura ba ko kwana za ka yi kana dannawa ba abin da zai buɗe. Abu na biyu da nake faɗa wa kowane yaro kafin ya zauna a kujera, ka duba sunanka na NIN da na BVN da na JAMB su zama iri ɗaya, mu nan Arewa muna da wannan matsalar sosai, nan Muhammad can Mohammed can kuma Muhd, nan an sa sunan kaka can ba a sa ba, ranar haihuwa ma wani sa'in kowace takarda da tata. Ka gyara wannan tukuna kafin ka zo, zai rage maka zirga-zirga.

Kashi biyu ne bashin. Akwai kuɗin makaranta, wannan ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake tura wa makaranta. Sai kuɗin kashewa naira 20,000 duk wata da ke faɗowa asusunka, shi kuma ba dole ba ne, in kana so ka zaɓa in ba ka so ka bar shi. Biya kuma sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa, in kana aiki a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka, in sana'ar kanka kake ka riƙa biyan kashi 10 na ribarka. Kuma babu ruwa a ciki. Wannan maganar ta rashin ruwa kar a raina ta wallahi, na ga iyaye da yawa da suka shigo da shakka a fuskarsu, suna jin kalmar bashi sai su ja baya saboda tsoron riba, da an ce musu abin da ka ci shi za ka biya ko kwabo ba za a ɗora ba sai kaga hankalinsu ya kwanta. Inaga hakan na cikin dalilan da suka sa jami'o'inmu irin su ta Maiduguri da Bayero suka shiga sahun gaba wajen yawan masu nema, ga kuma talauci da ya fi yi mana katutu.

Inda yake da rauni kuma kowa ya ji a labarai. Lokacin da kuɗin ke isa makaranta ba kullum yake dacewa da lokacin rufe rajista ba, sai yaro ya ciyo bashi a gida ya biya don kar a rufe da shi, daga baya kuɗin ya iso a koma bin makaranta ta dawo masa da nasa. A 2025 ma har ƙorafi ya yi yawa cewa wasu makarantu na karɓar kuɗin ba sa sanar da ɗalibai, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga maganar. Wannan gyaransa mai sauƙi ne a ganina, duk ranar da aka tura wa makaranta kuɗin yaro a turo masa saƙo a waya da adadin da ranar, shikenan ya samu hujja a hannu. In maki zan bayar a kan aikin kansa, ga wanda yake ciki, zan ba da 7 cikin 10 kuma da zuciya ɗaya.

Sai maganar 20,000 ɗin nan. Sunanta kuɗin kashewa amma duk wanda ke zuwa makaranta daga gida ya san kuɗin mota ne kawai. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuma ɗan adaidaita sahu ba daga aljihunsa zai cike ba. Mu ƙaddara yaro na kashe 1,000 zuwa da dawowa a rana, wanda ga mai hawa biyu kafin ya isa ma an yi masa sauƙi a lissafin, kwana 22 a wata ya zama 22,000. Kaga kenan tun kafin a zo maganar abinci da handawut da data kuɗin sun ƙare har da ciko. Duk da haka ba zan kushe ba, gidan da ake rayuwa a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 in aka ɗauke masa nauyin motar yaro ɗaya an yi masa babban abu.

To yanzu ka ɗauki wannan lissafin ka ɗora a kan yarinyar da ke zuwa jami'ar kuɗi daga gida. Adaidaita ɗaya suke hawa da 'yar Bayero, kuɗi ɗaya ake karɓa a hannunsu, ɗaya tana jiran alat ƙarshen wata ɗaya ba ta da ko damar buɗe fom ɗin. Ba ƙaramin ciwo nake ji ba in irin waɗannan suka shigo da takardunsu a fayil a shirye tsaf, in ce musu ku yi haƙuri tsarin na makarantun gwamnati ne kawai, na tarayya da na jiha, jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Ba kuskuren kwamfuta ba ne, haka aka tsara shi.

Na san abin da mutane za su ce, ai wanda ya iya kai ɗansa jami'ar kuɗi ba ya buƙatar taimako. Wannan maganar ta wanda bai zauna da iyayen nan ba ce. Eh akwai jami'o'in da kuɗinsu miliyoyi ne masu yawa a shekara, akwai yaran da direba ke saukewa a ƙofar aji, su ba da su nake ba kuma ba za su zo layin bashi ba ko an buɗe musu. Amma jami'o'in kuɗi a Najeriya yanzu sun haura 140, tun daga 1999 da aka fara ba Igbinedion da Babcock da Madonna lasisi, kuma ba duka ba ne na 'ya'yan manya. Al-Qalam ta Katsina da aka kafa a 2005 al'umma ce ta tashi ta kafa ta, je ka ga su waye a ciki, 'ya'yan malaman makaranta ne da 'yan kasuwa masu rumfa ɗaya da ma'aikatan ƙaramar hukuma. A nan Kano kaɗai ga Skyline ga Maryam Abacha ga Khalifa Isyaka Rabi'u ga Al-Istiqama can Sumaila, kuma waɗanda ke cikin gari da yawan ɗalibansu jeka-ka-dawo suke yi, daga gida zuwa lakca daga lakca zuwa gida.

Me ya kai talaka can tunda ya san da tsada? Abu biyu ne. Na farko gurbi. Yara kusan miliyan 2 ke zana JAMB duk shekara kuma makarantun gwamnati ba za su iya kwashe su ba, musamman kwasa-kwasan da kowa ke rububi irin likitanci da aikin jinya da lauya da harhaɗa magunguna, waɗanda hukumominsu ke ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta ɗauka. Yaro ya ci maki mai kyau, ya zauna shekara ɗaya a gida, ya sake ya kuma zama, a ta uku uban ya ce a'a ba zan zuba ido yaron nan ya lalace a bakin layi ba, ya sayar da fulotin da ya ajiye don tsufansa ko ya ci bashin kwafaretif a ofis, uwar ta kwashe adashinta ta haɗa da ɗan kunnenta. Na biyu yajin aiki. A 2020 ASUU ta yi wata 9, a 2022 ta yi wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wanda yake da 'ya mace a jami'a a lokacin ya san irin zaman da aka yi, karatun shekara 4 ya koma 6, ga masu neman aure na jira ga surutun dangi. Iyaye da yawa a lokacin ne suka yanke shawarar gara su sha wuya su san ranar da yarinya za ta gama. Wato matsalar da ta kora su can daga ɓangaren gwamnati ta fito, yanzu kuma an zo rabon taimako an ce ai ku masu kuɗi ne.

Kuma ba jami'a kaɗai ba. Ku dubi kwalejojin kiwon lafiya masu zaman kansu da suka cika Kano da Kaduna da Katsina da Bauchi, inda 'yan mata ke karatun lafiyar al'umma da gwaje-gwajen asibiti da sauransu. Wa zai kalli waɗannan yaran ya ce 'ya'yan masu hali ne? Mafi yawansu na gwamnati suka nema ba su samu ba. Su ne gobe za ka tarar a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye suna karɓar haihuwa da yin rigakafi, kuma su ma suna waje.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan fa bashi ne ba kyauta ba. Da kyauta ce sai in ce to a fara da wanda ya fi kowa buƙata. TETFund ma, asusun da ke yi wa manyan makarantun gwamnati gine-gine, ba ta gina wa jami'ar kuɗi ko aji ɗaya kuma ban taɓa jin haushin hakan ba, ginin mai makaranta ne shi zai ci ribarsa ya gina abinsa. Amma bashin karatu ba mai makaranta ake ba ba, yaro ake ba, ɗan Najeriya mai NIN da BVN, wanda zai sa kakin bautar ƙasa ɗaya da kowa, ya shiga kasuwar aiki ɗaya da kowa, a cire kashi 10 ɗin a albashinsa ta hanya ɗaya da kowa. Kuɗin asusun kuma dokar 2024 cewa ta yi a ware kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tarawa, to uban wannan yaron shi ma yana biyan harajin nan duk sanda ya sayi kati ko ya biya kuɗin wuta.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren kuma ba zan ɓoye ta ba. In aka ce za a biya cikakken kuɗin jami'ar kuɗi, abin da za a kashe wa yaro ɗaya zai iya ɗaukar yara da yawa a jami'ar tarayya, asusun zai ƙafe da wuri, sannan masu makarantun da sun ga gwamnati ce ke biya za su ƙara kuɗi, yaro kuma ya fito da bashin miliyoyi a wuyansa bai ma samu aiki ba. Duk gaskiya ne. Amma maganin wannan ai ba rufe ƙofa gaba ɗaya ba ne, iyaka za a sa. A ce ga adadin da ba za a wuce ba, daidai da abin da ɗan jami'ar jiha ke samu, ragowar uba ya cika. In ma hakan ya yi nauyi a yanzu to a fara da 20,000 ɗin wata-wata kawai, wadda ba ta biyowa ta hannun makaranta balle a ce za ta ƙara kuɗi saboda ita. Kuma ba sabon abu ba ne a duniya, nan Ghana asusun bashin ɗalibansu yana ba 'yan makarantu masu zaman kansu matuƙar an tantance makarantar, Kenya ma hukumarsu ta HELB tana ba su bashi, waɗanda suka yi karatu a Malesiya kuma sun san asusun bashin ɗalibansu na PTPTN na ba 'yan ƙasar da ke jami'o'in kuɗi. Mu nan ma gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa zuwa Al-Qalam da Igbinedion da Bells da wasunsu, ba wanda ya ce sun zama 'ya'yan masu kuɗi don sun shiga can.

Ta ɓangaren mota kuwa, abin da na lura da shi shi ne rangwamen da ya fi amfanar ɗan jami'ar kuɗi shi ne wanda ba a tambayar wace makaranta kake. Jirgin ƙasan cikin garin Abuja da aka sake buɗewa a ƙarshen Mayu 2024 aka bar shi kyauta har ƙarshen shekarar, kowa ya hau, sai dai layinsa daga tsakiyar gari ne zuwa Idu da filin jirgi da wajen Kubwa, in makarantarku ba ta wannan hanyar ba to bai shafe ka ba. Legas ta rage rabin kuɗin motocin BRT a Agusta 2023 na wani lokaci. A Maiduguri Zulum ya zuba motoci masu rahusa a cikin gari. A Disamba 2023 gwamnatin tarayya ta yi rangwamen rabin kuɗin manyan motocin safa da jirgin ƙasa kyauta na lokacin bukukuwa, wanda ya dace da lokacin da ɗalibai ke komawa gida. Wanda ya fi burge ni shi ne na Kaduna, motocin CNG masu amfani da iskar gas guda 100 da Uba Sani ya fito da su a 2025 aka ce ɗalibai da ma'aikata da 'yan fansho su hau kyauta na wata 6 na farko. Wannan shi ne tunanin da ya dace, ɗalibi ɗalibi ne.

Matsalar yawancinsu ɗaya ce, na ɗan lokaci ne, ana sanarwa ne kamar goron sallah, wata 3 wata 6 sai a jira a ji ko za a ƙara. Uba ba zai iya tsara kasafin shekara 4 a kan abin da bai san ko zai kai zangon karatu na gaba ba. Abin da muke buƙata tsayayyen tsari ne a rubuce, katin ɗalibi na hawa mota, rabin kuɗi, ga duk wanda ke makarantar da hukumomin kula da manyan makarantu, NUC ko NBTE ko NCCE, suka amince da ita, a sabunta shi duk shekara da shaidar rajista. Tantancewar ma ba wuya tunda JAMB na da sunan duk wanda aka ba admishan ta hanyar da ta dace, na gwamnati da na kuɗi duka. Mu a Kano da kusan duk zirga-zirgarmu a adaidaita take tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, sai an fara samar da manyan motocin ma tukuna a kan manyan tituna, titin Zariya, titin Gwarzo, titin Katsina, titin Haɗeja, titin Maiduguri, domin ba ka da yadda za ka tilasta wa ɗan adaidaita mai biyan balas kullum ya yi wa ɗalibi ragi.

Su ma masu jami'o'in kuɗin ba zan ƙyale su ba. Wanda ke karɓar wannan kuɗin a hannun iyaye bai kamata a ce ya kasa sa bas biyu ko uku suna ɗauko yara daga manyan mahaɗu safe da yamma a farashi mai sauƙi ba, ko ya bari a riƙa biyan kuɗin makaranta kashi-kashi ba tare da an hana yaro shiga jarrabawa saboda ragowar da ba ta taka kara ta karya ba. Wasu na yi, kuma iyaye ku riƙa tambaya tun kafin ku biya kuɗin karɓar admishan, akwai motar makaranta? ana biya kashi nawa? akwai ragi ga mai maki mai kyau ko maraya ko wanda ƙaninsa ko yayansa ke makarantar? a rubuta muku a takarda kar ku tsaya a maganar baki. Ku kuma leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku ku tambaya ko tana karɓar 'yan makarantun kuɗi, kowace jiha da nata sharaɗin.

Wanda ke makarantar gwamnati kuma har yanzu yana jan ƙafa, dan Allah je ka cika, kyauta ne neman, abin da za ka biya bai wuce na mai kafe ba in ba ka iya yi a wayarka. Ɗan jami'ar kuɗi kuma duk wanda ya ce maka kawo wani abu yana da hanyar da zai cusa sunanka a NELFUND kar ka ba shi ko sisi, kar ka ba shi BVN ɗinka, sunan makarantarku ba ya cikin jerin da ke fotal ɗin kuma ba wani ɗan tsakiya da zai iya saka shi. Masu iya sakawa su ne 'yan majalisar da muka zaɓa da shugabannin asusun, to su za a dama, ƙungiyoyin ɗalibai da na iyaye su rubuta wa ɗan majalisar tarayya na mazaɓarsu, kuma a fara neman 20,000 ɗin mota tukuna.